Bushiyar Rigima a Fage

Ɗan kunne guda ɗaya Baffa ya ajiye a kan teburin falo, ya tura shi da yatsa har gaban Auta, sannan ya koma ya jingina da kujera.

"Kin gane shi?"

Ta gane shi mana. Na 'yarta ne, ɗan mitsitsi mai siffar ɗigon ruwa, wanda marigayi mijinta ya saya tun yarinyar ba ta iya zama ba. Tun da Rigima ta dawo hutu daga gidan Baffa take yawo da kunne ɗaya babu komai, in an tambaye ta ta ce faɗuwa ya yi.

"A aljihun ɗana na same shi," in ji Baffa. "Har na ɗaga hannu zan mare shi a kan sata, ya rantse ba sata ya yi ba, ci ya yi. Wai ƙadangaru biyu ke faɗa a jikin katanga, Mamana ta ce ta zuba ɗan kunnenta a kan mai jan kai. Mai jan kai ya gudu. Ta cire da hannunta ta miƙa masa. Ko kuka ba ta yi ba."

Baffa wan marigayi ne, mai fentin motoci, mutum mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma da cokali. Mamana yake kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Sauran mutanen gida Rigima suke ce mata, ba kuma ƙage suka yi mata ba.

Umma, mahaifiyar Auta, tuni ta ja bakin mayafi ta fara share ido.

"Na faɗa miki, Auta. Tun ranar da mutumin nan ya fara shigo mana da kwalinsa na ce miki karta karta ce, ko furanni aka zana a kai, balle dodanni."

"Umma, ba a sa komai fa. Maɓallai ne. Maɓallan gwangwaninki ma."

"Yau maɓalli, gobe ɗan kunne, jibi kuma me?" in ji Baffa. "A bayan garejina 'yan karta ke zama. Na ga wanda ya zo a kan babur ya koma gida a ƙafa. A cikinsu babu wanda ya fara cacar da babur."

"Yaya..."

"Ban gama ba. Ban hana ki aure ba. Yarinya ce ke, ba za ki ƙare rayuwa kina goge hoton ƙanena ba. Ga Mai Kemis nan ya yi magana ya sake yi, mutum mai shagonsa da mutuncinsa. In ba kya son sa, ki kawo wani. Amma ranar da kika shiga gidan ɗan kartar nan, ranar Mamana za ta koma gidana. Amanar ƙanena ce, ba zan zuba ido ba."

Ya ɗauke ɗan kunnen ya mayar aljihu, ya yi wa Umma sallama, ya fita.

Umma ta fashe da kuka sosai.

"Ki ji tausayina, Auta. Yarinyar nan a bayana ta yi wayo. In aka ɗauke ta, da wa zan yi faɗa a gidan nan? Me Mai Kemis ya rasa? Ko ciwon kai kika yi ga magani a ɗaki."

"Umma, ba ciwon kai nake shirin yi ba."

"Ai kina da shi, ba ki sani ba ne!"

Auta ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta tarar da Rigima kwance rub da ciki tana zane a bayan kalanda. Ta daɗe tana kallon kunnen nan da babu komai. Sannan ta ɗauko kayan makarantar gobe ta fara guga.

*

Wanda ake kira ɗan karta malamin zane ne a wata makarantar sakandare. A shagon ɗab'in da Auta ke aiki suka haɗu. Ita ce mai injin yanka: katin gayyata, katin shaida, takardun talla, duk abin da aka buga sai ya bi ta hannunta kafin ya fita. Shi kuma ya zo da wani wasa da ya ƙirƙiro, yana son a buga masa.

Fage ya sa wa wasan suna. Dodanni ake jerawa a tsakiyar tebur: Zakin Ƙarfe, Macijiya Mai Kai Uku, Giwar Hayaƙi, Shahon Wuta, Kunamar Dutse. Masu wasa ba su ne mayaƙan ba, 'yan kallo ne a bakin fage. Kowa da maɓallansa, yana zubawa a kan dodon da yake ganin zai kai ƙarshe, yana kuma jefa katin ƙarfi ko na rauni a kan wanda ya ga dama. Kowane zagaye, dodon da ya fi rauni ya faɗi, maɓallan da ke kansa su tafi da shi. Kafin a fara, kowa zai zaɓi dodo ɗaya a asirce ya kife katinsa a gabansa. Wannan shi ne sirri. Ya fi kowane maɓalli nauyi, wanda kuwa aka gano sirrinsa an gama da shi.

Dodo na shida Rigima ce ta kawo shi. In an tashi makaranta shagon take zuwa, ta shige ƙarƙashin tebur da guntayen takarda. Wata rana ta miƙa wa Malam zanen bushiya sanye da takalma huɗu, ta ce a sa ta a faɗan. Ya ce bushiya ba ta faɗa. Ta ce tata tana yi. Ya sa ta.

Da yake Bushiya Mai Takalmi ta zo a makare, an riga an gama buga sauran, har an canja tawada. Shuɗin bayan katinta ya ɗan fi na sauran duhu, kaɗan ƙwarai, sai wanda ya saba. Auta ta gani tun tana yanka ta ce a sake. Malam ya ce a bari sai bugu na gaba. Su biyu kaɗai suka san da wannan.

Washegari da rana ya shigo shagon da alli a gwiwar hannun rigarsa. Ba ta ɗago ba. Ta daidaita takardu, ta danne, ta ja hannun injin, wuƙar ta sauka. Tana aiki ta ba shi labari, tun daga ƙadangaru har zuwa maganar Baffa ta ƙarshe, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ya zauna a kan kwalin takarda.

"A bakina ta ji kalmar zubawar nan," ya ce.

"A bakinka ta ji."

"Ban taɓa tunanin za ta fita da ita waje ba."

"Ba ka da yara, Malam. Yaro ba ya barin komai a inda ya same shi."

Idanunsa suka kawo ruwa. Shi ne mai saurin kuka a cikinsu, tun farko ta lura da haka.

"Auta, kin san yadda nake son yarinyar nan. Kin san yadda nake son ki. Ki ce in ƙona kwalin, yau zan ƙona."

"In ka ƙona, sunanka ya canja? Har ka tsufa ɗan karta za su ce, ɗan kartar da ya tuba." Ta ture guntayen takarda cikin kwando. "Bari in faɗa maka tun yanzu, don kada wata rana ka ce na yaudare ka. In aka ce kai ko ita, ita ce. Ba zan yi dogon tunani ba. Zan yi kuka daga baya, amma ba zan yi tunani ba."

"Da kin ce ni ne, da na ji tsoronki."

"To kada ka sa in maimaita."

"Ki roƙar mini zama ɗaya da Baffa. Ya ga wasan da idonsa. In ya gani ya ce caca ce, zan ɗauki kwalina in tafi, ba za ki ƙara ganina a titin nan ba."

Ta ja hannun injin. Wuƙar ta sake sauka.

"Zan faɗa masa. Ka goge allin nan kafin ka je gaban mutane."

*

Baffa ya yarda, da sharaɗin Mai Kemis ma ya zo, don a sami mai hankali a wurin, in ji shi.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a falon Umma. Mai Kemis ya zo da ƙamshin turare da ledar maganin ƙarin jini, ya miƙa wa Rigima.

"'Yar marigayi, ungo. Cokali ɗaya safe, ɗaya yamma."

"Lafiyata ƙalau," in ji Rigima.

"Karɓi ki ce kin gode," in ji Auta.

Ba mugun mutum ba ne Mai Kemis. Yana gaishe da Umma har ƙasa, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Auta ta sha zama ta nemi laifinsa ta rasa, sai dai duk zuwansa bai taɓa tambayar abin da yarinyar ke zanawa ba.

Malam ya durƙusa ya gaishe da Baffa.

"Kafin in buɗe kwalin nan, Baffa, maganar ɗan kunne a wuyana take. Na koya mata wasa, ban koya mata inda wasa yake tsayawa ba."

"Buɗe," in ji Baffa. "Ba wa'azi na zo ji ba."

Umma ta ce ita hannunta ba zai taɓa kati ba, amma ta kawo gwangwanin maɓallanta, ta kuma ja kujera kusa yadda za ta ga komai. Aka raba: baƙaƙe na Baffa, farare na Mai Kemis, jajaye na Malam. Malam ya jera dodanni shida ya yi bayani. Mai Kemis ya ɗauki ka'idar nan take, har yana gyara wa Baffa zama.

"Baffa, ni na zana wannan," in ji Rigima, ta ɗora yatsa a kan Bushiya.

"Na tambaye ki?"

"Takalmanta huɗu."

"Koma wajen kakarki."

Aka ba kowa katunan sirri shida ya zaɓi ɗaya. Mai Kemis ya kife nasa da sauri. Malam ya kife nasa. Baffa ya daɗe yana jujjuya nasa da yatsunsa masu fenti a ƙarƙashin farce, sannan ya zaro ɗaya ya kife, ya ɗora hannu a gefensa.

Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Hasken taga ya sauka daidai kan teburin.

Shuɗin bayan katin Baffa ya fi duhu.

Ta kalli Malam. Shi ma ya gani, don ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya buɗe ɗakin da ba nasa ba.

"Malam," ta ce, "zo ka kama mini filas ɗin nan, da nauyi."

Ya taso. A bayan labule ta miƙa masa filas ɗin shayi ba ta saki ba.

"Ka ga abin da ya kife?"

"Na gani."

"To ka tallafe ta ta kai ƙarshe. Ya ci, ya ji daɗi, ya ga yarinyar tana murna, ya tafi gida da sanyin zuciya. Kai ka yi wasan, ka san yadda za ka yi ba a gane ba."

"Auta, in na yi haka..."

"Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ta saki filas ɗin.

Zagayen farko ya tafi lafiya. Mai Kemis ya zuba farin maɓalli a kan Zaki, ya jefa wa Giwa rauni. Baffa ya zuba baƙi a kan Kunama yana ɓata rai, kamar an tilasta masa. Giwar Hayaƙi ta faɗi. Umma ta ce, "Ayya, ga ta ƙatuwa," sannan ta tuna ba ta cikin wasan ta tsuke baki.

A zagaye na biyu Mai Kemis ya jefa wa Bushiya rauni, ta koma ƙasan kowa. Rigima ta kama zanen kakarta. Wasa ya zo kan Malam. A hannunsa akwai katin ƙarfi mafi girma, Auta ta hango shi daga inda take. Ya zaro shi. Ya kai shi saman Bushiya.

Hannunsa ya tsaya a nan.

Ya janye katin, ya kife duk na hannunsa a kan tebur.

"Baffa, ka gafarce ni. Katin da ka kife ana gane shi ta baya. Kuskuren bugu ne, shuɗinsa ya fi na sauran duhu. Na san sirrinka tun kafin a fara. In muka ci gaba a haka, ko na kayar da kai ko na ɗaga ka, duk cuta ce."

Auta ta ji tiren ya yi mata nauyi, ta ajiye shi a kan firij.

"A'a!" in ji Mai Kemis. "Kati mai alama? Baffa, ai ka ji da kunnenka. Irin abin da ake faɗa ke nan."

Baffa bai kalle shi ba. Ya ɗaga kai ya dubi Auta.

"Ke kika yanka su?"

"Ni ce, Yaya."

"Ke ma kin gane?"

Ƙarya ɗaya ce, ƙarama, kuma babu mai iya kama ta. Malam ya sunkuyar da kai, ta san ba zai tona ta ba. Ta dubi Rigima, yarinyar ta zuba mata ido, kunne ɗaya na ƙyalli, ɗaya babu komai.

"Na gane. Ni na kira shi bayan labule na ce ya yi shiru ya bar ka ka ci. Shi ya ƙi."

"Innalillahi," in ji Umma. "Auta!"

"Don me?" in ji Baffa.

"Don ba maɓalli ne a kan teburin nan ba, Yaya." Muryarta ba ta tashi ba, amma hawaye sun fara zuba, ba ta kuma share su ba. "Umma, shiga da ita ɗaki."

"Ba inda za ni," in ji Rigima.

"Rigima."

Umma ta ja ta suka shige. Auta ta matso ta durƙusa a gefen teburin.

"Ka zo ka ce mini caca mugun abu ce. Gaskiya ka faɗa, ni ma da na ji labarin ɗan kunnen nan ban yi barci ba. Amma ka duba abin da ka yi. Ka ɗauki 'yata ka ɗora a kan aurena: in na bi nan a ɗauke ta, in na bi can a bar mini. Yarinyar da ba ta barci sai ƙafarta na kan cikina. Na san takalmin da ke matse ta, na san malamar da take tsoro, na san tarin da yake na ƙarya da na gaske. Kai baffanta ne, kana da haƙƙi a kanta, har abada ba zan musa ba. Ka tsawata mata, ka tsawata mini. Ka ce kada ta ƙara taɓa kati, zan hana ta. Ka ce mutumin nan bai yi maka ba, ka kawo dalili, zan sallame shi yau, ya sani, na riga na faɗa masa. Amma kada ka ƙara zuba ta a kan komai. Yau saboda tsoron maganarka na ce wa mutum ya yi cuta, abin da ban taɓa yi ba. Ka ga inda ka kai ni."

Mai Kemis ya gyara agogonsa. Malam na kuka a hankali, kamar yadda ta zata.

Baffa ya daɗe yana kallon katin da ke kife a gabansa.

"Sai ka zaɓi wani, Baffa," in ji Malam. "A cire Bushiya, a sake farawa."

"Wa ya ce maka ina son wani?"

Ya juya katin ya bar shi a buɗe. Bushiya da takalmanta huɗu.

"Ga shi nan, kowa ya gani, yanzu babu wanda ya fi wani sani. A kira Mamana. Kai kuma ɗauki katunanka ka yi wasanka na gaskiya. In na ga kana tausaya mini, zan tashi."

Aka ci gaba. Umma ta dawo da Rigima, yarinyar ta ga abin da ke buɗe a gaban baffanta, ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa, ta rufe. Sai dai ta matsa ta zauna a jikinsa, bai kuma kore ta ba.

Malam ya jefa babban katinsa a kan Shaho, wanda shi ne nasa sirrin. Baffa ya yi iya yinsa. Ya zuba duk ƙarfin hannunsa a kan Bushiya har ta tsallake zagaye na biyu, Macijiya ta faɗi a madadinta, Rigima ta yi tsalle ta taka ƙafar Mai Kemis. A na uku Mai Kemis ya sake jefa mata rauni, ba don mugunta ba, don ka'ida ta ba shi. Baffa ya duba hannunsa, babu sauran abin ceto.

Bushiya ta faɗi.

Rigima ta ɗauke katin daga fage ta hura masa iska ta sa a cinyarta.

"Ta gaji ne," ta ce.

Zakin Ƙarfe ne ya kai ƙarshe. Mai Kemis ya buɗe sirrinsa, Zaki ne. Ya yi dariya ya tattaro maɓallai gabansa da hannu biyu, farare da baƙaƙe da jajaye.

"To, Malam, yanzu me na ci?"

"Ka ci wasa."

"Na sani. Ina nufin me ake ba ni?"

"Babu komai. Gwangwani za a mayar."

"Haba! Duk wannan lissafin?" Ya girgiza kai. "To meye amfaninsa?"

Baffa ya dube shi, kallo ɗaya. Umma ta miƙo gwangwani, Rigima ta share maɓallan ciki tana ƙirga na kakarta kada ɗaya ya ɓata. Mai Kemis ya sha shayinsa, ya tuna ya bar shago, ya yi sallama cikin ladabi. A bakin ƙofa ya ce wa Auta maganarsa tana nan. Ta ce ta gode, Allah ya ba shi wadda ta fi ta.

"Mamana," in ji Baffa, "zo nan. Na zuba maɓallai, sun faɗi. Me na rasa?"

"Ba komai. Ana mayarwa."

"Ɗan kunnenki fa?"

Ta taɓa kunnen.

"Shi ba a mayar ba."

"Wa ya saya miki?"

"Babana."

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a gaban ƙadangaru ba. Auta ta yunƙura za ta ɗauke ta, sai ta tsaya, ta bar ta ta yi.

Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kunnen. Rigima ta miƙa hannu. Ya wuce hannunta, ya wuce Auta, ya ajiye shi a tafin Malam.

"Shekaru nake kallon 'yan karta ta tagar gareji. Ban taɓa ganin wanda ya gane bayan kati ya buɗe baki ba." Ya naɗe yatsun Malam a kan ɗan kunnen. "Kai ka koya mata zubawa. Kai za ka koya mata abin da ba a zubawa. Ranar da ka tabbata ta gane, ka sa mata da hannunka. Zan riƙa zuwa ina duba kunnen."

"Baffa, wannan zai ɗauki lokaci."

"Ina ruwana? Ka turo manyanka in gan su. Ban ce na yarda ba, ganinsu zan yi."

Ya miƙe ya sa hularsa. Umma ta rasa kukan da za ta yi, na murna ko na Mai Kemis, sai ta haɗa duka biyun. Auta ta raka shi har ƙofar gida.

"Yaya, maganar komawarta gidanka..."

"Wace magana? Gidana cike yake da ƙadangaru." Ya taka ƙafa ɗaya waje, ya juyo. "Shuɗin nan kuma baƙi ne ya yi masa yawa. Tun Malam yana raba katunan na gani. Aikina ke nan."

Ya tafi. Ta tsaya tana kallon bayansa. Ko gwada su ya yi da gangan, ko kuwa takalma huɗun nan ne suka ja hannunsa yake neman abin fakewa, ba ta sani ba, ta kuma san ba zai taɓa faɗa ba.

Da ta koma falo ta tarar da Malam zaune a inda yake, hannunsa a dunƙule, Rigima na ƙoƙarin ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Auta," ya ce, "ki yafe mini. Kin roƙe ni na ƙi."

"Ban huce ba tukuna," ta ce, ta fara kwashe kofuna. "Ka sa shi a aljihun da ba ya yoyo. Litinin kuma ka kawo Bushiyar nan a sake bugawa."